Ɓeraye Biyar da Ban Rubuta Ba

Ɓerayen su ashirin da huɗu ne, farare, kowanne da lambarsa a wutsiya. A ƙarshen watan Mayu na shekarar 2021, kwana kaɗan kafin a sake kulle Malesiya gaba ɗaya saboda korona, muka yi wa kowannensu allura a gwiwar hagu. Ni nake riƙe ƙafar, Yaya Ɗayyabu yana sa allurar, ɓeran kuma yana barci saboda maganin da aka shaƙa masa. Abin da ke cikin allurar yana cinye guringuntsin gwiwa a hankali. Cikin mako guda ɓeran zai fara ɗingishi kamar tsohon da amosanin gaɓɓai ya kama. Da gangan ake yin haka, don a samu ciwon da za a gwada magani a kansa.

Maganin na Yaya Ɗayyabu ne. Malamin jami'a ne daga gida, ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku, ya shekara uku yana aiki a kan wani sinadari da ya tace daga ɓawon itace. Wannan gwajin shi ne babinsa na ƙarshe, hutun karatun da jami'arsa ta ba shi kuma a Disamba zai ƙare. Ni ina shekarar farko ta digiri na biyu. Farfesa Norlia, wadda take duba aikinmu mu biyu, ita ta ce in taya shi in koyi hannu. Ba ɗan uwana ba ne. Bene ɗaya muke zaune a unguwar Cheras, su a hawa na tara, ni a na takwas. Tun ranar da matarsa Anti Sauda ta ji ina waya da Hausa a cikin lif ta mayar da ni ƙanwarta, ba tare da ta tambayi ra'ayina ba.

Ga yadda aikin yake. An raba ɓerayen kashi uku, takwas-takwas. Kashi ɗaya za su sha sabon maganin, kashi ɗaya wani tsohon magani da kowa ya san yana aiki, kashi na uku kuma ruwa zalla da aka sa wa launi. Yaya Ɗayyabu ya cika ƙananan kwalabe ashirin da huɗu, kowacce da lambar ɓera guda, duk kamarsu ɗaya. Ya rubuta abin da ke cikin kowacce a takarda, ya liƙe a ambulan, ya kai wa Farfesa. Ni da zan riƙa bayarwa ina aunawa, ba a yarda in san wa ke shan me ba.

"Idan kin sani, hannunki ma zai sani," in ji shi. "Sai ki riƙa ɗaukar wasu a hankali, wasu kuma ki cafke su kamar ɓarayin kaji."

Ranar da ya cika kwalaben yana ta murza goshi, ya ce ciwon kai ne kawai. Bayan kwana biyu aka gwada shi, aka ce korona ce. Ta kama Anti Sauda, ta kama ɗansu Imran. Aka ɗaura musu roba ruwan hoda ta waɗanda aka killace a wuyan hannu, aka ce kada su fito ƙofa. Su biyun sun warware da wuri, shi kuwa sai da ya kwana tara a asibiti, ya dawo ba ya iya tafiya daga lif zuwa ƙofarsu sai ya tsaya ya huta.

Haka aikin ya koma hannuna ni kaɗai. Jami'a ta ba ni takardar izinin fita. Kullum da safe in shiga jirgin ƙasa na MRT, wani lokacin ni kaɗai ce a taragon, in wuce kantunan da ke rufe, in nuna wa mai gadi takarda. Ɗakin dabbobi yana can bayan ginin, babu taga, sai sanyi da warin dusar katako. Da safe nake ba su magani, kowa daga kwalbarsa. Bayan azahar in auna su. Akwai wani ɗan akwati na gilashi da ake sa ɓera ya tsaya, kowace ƙafar baya a kan ƙaramin sikelinta. Mai lafiya yana raba nauyinsa daidai. Mai ciwo yana karkata dama, yana ɗage ta hagu. Yawan karkatar shi ne yawan ciwon, shi nake rubutawa.

Gaskiya na ji daɗin kaɗaicin. Ni ba mai magana ba ce. A aji, in malami ya kira sunana sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Ɓeraye ba sa tambayar mutum komai. Na san wanda yake ɓoye abinci a kusurwa, na san wanda yake barci a bayan ɗan uwansa.

Akwai ƙa'ida guda da aka maƙala a bango. Duk ɓeran da ya daina cin abinci, ko ya rame sosai, a rubuta, a kira Farfesa, a cire shi daga gwaji, likitan dabbobi ya zo ya kashe shi ba tare da ya wahala ba. Ba a ba shi wani maganin ciwo ya ci gaba da zama cikin gwajin, domin in an ba shi, awonsa ya zama ƙarya. Na san wannan. Har jarrabawa na ci a kansa.

A rana ta tara na lura da mai lamba sha bakwai. Abincinsu a murfin keji yake, sai ɓera ya miƙe a kan ƙafafun baya kafin ya kai. Shi yana zaune a ƙarƙashin abincin yana kallonsa. Ya yunƙura, ya dogara da hannu a jikin keji, ya koma ya zauna. Ya sake yunƙurawa. Na tsaya ina kallo har safar hannuna ta jiƙe da gumi.

Haka Umma take tashi daga kan darduma. Ta kafa hannu a ƙasa, ta yunƙura, ta koma, ta ce "wash", ta sake. Shekara shida ke nan gwiwoyinta suna cinta, kuma saboda ita na zaɓi wannan fannin. A makon nan ne ta gaya mini a waya cewa ta haƙura, ta koma yin sallah a kujera. Ta faɗa tana dariya, wai ta zama hajiyar gaske.

Ba ina kawo Umma don ta wanke ni ba ne. Ina faɗin abin da ke raina a lokacin ne kawai.

A firjin ɗakin akwai maganin ciwo na ruwa da ake ajiye wa dabbobin da aka yi wa tiyata. Na ja ɗan kaɗan a sirinji, na kai bakinsa. Yana da zaƙi, ya lashe tas. Washegari na tarar da shi a tsaye yana gwigwiyar abinci. Na ce a raina ɓera ɗaya cikin ashirin da huɗu ba zai canza komai ba, gobe zan daina. Da goben ta zo na tuna yadda zai koma in na daina, sai na ƙara masa.

Bayan kwana uku mai lamba huɗu ya fara irin wannan zaman. Ina riƙe da sirinjin sha bakwai a hannu, kejin huɗu yana gabana. Ban ga yadda zan ba wannan in hana wancan ba. Daga nan sai sha ɗaya, sai ashirin, sai tara. Kullum da safe, bayan na ba kowa nasa, sai in zagaya wa waɗannan biyar. Bayan azahar in sa su a akwati su tsaya cak a kan ƙafa biyu, in rubuta lambar da sikeli ya nuna. Lambobin gaskiya ne, ban ƙara ban rage ba. Abin da ya kawo su ne ban rubuta ba.

Yaya Ɗayyabu yakan kira ni da yamma, yana magana yana tari.

"Malama Hureira, yaya 'ya'yana?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Babu wanda ya yi yaji?"

"Babu."

"Kina dai rubuta komai, ko? Ko atishawa ɓera ya yi ki rubuta mini."

"Ina rubutawa."

"Allah ya yi miki albarka. In na samu digirin nan rabi naki ne. Za mu yanka takardar biyu, ki zaɓi ɓangaren da ke da hatimi."

A rana ta ashirin da takwas gwaji ya ƙare. Likitan dabbobi ya zo ya kashe su duka, kamar yadda aka tsara tun farko, don a ciri gwiwoyin a duba. Har da sha bakwai. Tun ranar da na fara ba shi magani na san haka za a yi. Na wanke kejin, na wanke kwalaben, na kife su su bushe.

Ranar Laraba aka buɗe ambulan. Ta kiran bidiyo aka yi, Farfesa daga gidanta, Yaya Ɗayyabu daga hawa na tara, ni daga ɗakina da makirufo a rufe. Farfesa ta yaga ambulan ta karanto 'yan sabon magani, ta karanto 'yan tsoho. Babu ko ɗaya daga cikin biyar ɗin nan nawa. Sannan ta ce, "'Yan ruwa: biyu, huɗu, tara, sha ɗaya, sha biyar, sha bakwai, ashirin, ashirin da uku."

Na kalli hannuwana. Biyar cikin takwas.

Ta zuba lambobina a kwamfuta, zane ya fito. Ya kamata a ga layuka uku a rarrabe, na 'yan ruwa can ƙasa. Sai ga su ukun sun hau kan juna kamar igiya.

Farfesa ta cire tabarau. Mace ce mai sanyin murya, ban taɓa jin ta ɗaga ta ba. "Ɗayyabu, ko da maganinka ba ya aiki, tsohon maganin dole ya fi ruwa. Wannan ba sakamako ba ne. Wani abu ya faru da kwalaben. Suna nan?"

"An wanke su, Farfesa," in ji ni. Wannan gaskiya ne.

Yaya Ɗayyabu ya matso kusa da kyamara. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa a wuya. "Ina jin ni ne," ya ce. "Ranar da na cika su da zazzaɓi a jikina. Ban gaya wa kowa ba. Wataƙila na zuba magani a kwalaben ruwa."

"Ka tuna ka yi hakan?"

"Ban tuna ba. Amma babu wanda ya taɓa su sai ni."

"Hureira, ke da kike wurin kullum, kin ga wani abu?"

Na buɗe makirufo. Kunnuwana sun ɗauki zafi. "A'a, Farfesa."

Ta ce masa ya rubuta wa kwamitin kula da dabbobi rahoto, ya faɗi cewa ya yi aiki yana rashin lafiya kuma ya haɗa kwalabe, ya turo mata ranar Litinin. Ta ce ba za ta ɓoye masa ba, kwamitin zai iya dakatar da izininsa na taɓa dabbobi. In haka ta faru, babu babin ƙarshe.

Ranar Juma'a na ji motsi a ƙofata. Anti Sauda ce take rataya kular abinci a jikin ƙarfen ƙofa, kamar yadda ta saba tun da suka warke. Ta ja baya taki uku, takunkumi a fuska.

"Tuwo ne da miyar kuka. Ki ci, kin zama kamar sanda. Ke da yayanki ban san wa zan fara yi wa ɗure ba."

"Yaya jikinsa?"

"Jiki da sauƙi, kai ne babu. Kin san abin da yake yi? Ya tattara murafan robar ruwa ya jera mini a kan teburin cin abinci, guda ashirin da huɗu. Ya ɗauki cokali yana zubawa, wai yana so ya tuna yadda ya yi ranar. Ya zuba, ya tsaya, ya kwashe, ya sake. Jiya Imran ya ɗauke murfi ɗaya, saura kaɗan ya dake shi." Ta gyara mayafi. "Na ce masa, Abban Imran, ɓera fa ɓera ne. A Kano guba muke sa musu, a nan an ba su ɗaki mai sanyi da 'yar aiki mai digiri, har yanzu ba su gode ba."

Ta jira in yi dariya. Na yi ƙoƙari.

"Yana cewa ya cuce ki ke ma, wata guda kina fita cikin annoba a banza. Wai kunyarki yake ji. Ki ɗan kira shi mana."

Na shigar da kular, na ajiye a kan tebur. Ban buɗe ba sai da ta huce.

Ranar Asabar na buɗe wayata sau da yawa na rufe. Na gwada faɗin maganar ni kaɗai a ɗaki, muryata ta ƙi fita ko da babu kowa. Daga ƙarshe na ɗauki takarda na rubuta lambobin biyar, da ranar da na fara ba kowanne, da yawan abin da nake ba shi, da sunan maganin. Ban sha wahalar tunawa ba. Duk suna kaina.

Ranar Lahadi bayan la'asar na hau hawa na tara da kular a hannu. Shi ya buɗe ƙofa, da jallabiya, yana jan takunkumi zuwa hanci. Ta bayansa na hango murafan a jere a kan tebur.

"A'a, ƙanwata. Yanzu nake gama rahoton nan, saura in karanta in tura. Sauda, ga 'yar ɗakinki."

Na ajiye kular a ƙasa, na miƙa masa takardar.

Ya karanta a tsaye. Sannan ya zauna a kan akwatin takalma da ke bakin ƙofa ya sake karantawa. Anti Sauda ta leƙo, ta kalle shi, ta kalle ni, ta koma ciki ta janye Imran.

"Kullum?" ya ce.

"Kullum da safe."

"Kafin ki auna."

"E."

Ya bi lambobin da ɗan yatsa. "Huɗu, tara, sha ɗaya, sha bakwai, ashirin. Duk 'yan ruwa ne. Babu nawa ko ɗaya?"

"Babu."

"Ba don kin san su ba?"

"Ban sani ba, Yaya. Waɗanda suka kasa kai wa abinci kawai na ba."

Ya yi wata gajeruwar dariya da ta koma tari. Da ya lafa ya ce, "To maganina yana aiki ke nan. Kin gano mini amsa, amma ta hanyar da ba zan iya nuna wa kowa ba." Ya ninke takardar. "Me ya hana ki kira ni ranar farko?"

"Za a kashe shi."

"Yanzu yana ina?"

Na kalli takardar da ke hannunsa, shi kuma ya ci gaba.

"Da kin rubuta, da an cire shi, da an cire su biyar ɗin ma. Farfesa za ta ga duk 'yan ruwa ne suka faɗi, wannan ma sakamako ne. Takardar da ke bango ba mugaye ne suka rubuta ta ba, Hureira." A ƙasa wani mai babur yana kiran lambar gida, ya kawo wa wani abinci. "Wannan duk zan iya fahimta. Kina ke kaɗai, kin ga abin tausayi. Amma ranar Laraba kina ji na ce ni ne. Kwana huɗu ina zaune ina zaton ciwon nan ya taɓa mini kai. Na fara tunanin ko zan iya sake tsayawa gaban ɗalibai."

"Ka yi haƙuri, Yaya."

"Zan yi. Ba yau ba." Ya miƙe yana dafa bango, ya miƙo mini takardar. "Ke za ki kira Farfesa, ba ni ba. Kuma da baki, ba saƙo ba."

Na kira ta washegari da ƙarfe tara. Na karanta mata takardar kamar mai karatu a aji, ta bar ni har na kai ƙarshe. Ta yi mini tambayoyi uku, duk a kan yawan maganin da lokaci. Sannan ta ce rahoton da zai je kwamiti nawa ne, ba na Ɗayyabu ba. Za a sa takardar gargaɗi a fayil ɗina. Ba zan ƙara shiga ɗakin dabbobi ni kaɗai ba, ba zan ƙara auna ɓera a wannan aikin ba. Gwajin kuma dole a sake shi daga farko.

Kwamitin bai zauna ba sai a Satumba. Sun bar wa Yaya Ɗayyabu izininsa, amma sun ce a shigar da sabuwar takardar neman dabbobi, kuma masu kiwon ɓeraye sun ce sai Nuwamba za su samu masu girman da ake so. Ya rubuta wa jami'arsa neman ƙarin wata shida. Anti Sauda da Imran za su tafi gida a Disamba kamar yadda aka tsara, shi zai zauna a ɗakin wani abokinsa a unguwar Sentul har ya gama. Anti Sauda ce ta gaya mini wannan a cikin lif. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta faɗa tana kallon lambobin hawa, da muka kai na takwas ta riƙe mini ƙofa na fita.

Farfesa ta ce ni zan cika takardar neman dabbobin. Na cika ta a ofis, ranar farko da aka yarda mutum biyu su zauna a ɗaki guda. Yaya Ɗayyabu yana can ƙarshen tebur yana aikinsa. Na rubuta dalili, na sa sunana. A gurbin yawan dabbobin da ake nema na rubuta ashirin da huɗu, na tura masa takardar ya sa hannu.

Ya karanta a hankali, ya turo mini ita ba tare da ya sa hannun ba.

"Talatin," ya ce. "Kwamiti sun ce a ƙara biyu a kowane kashi, saboda waɗanda za a cire a hanya."

Na ja layi a kan ashirin da huɗu, na rubuta talatin a samansa, na sa haruffan sunana a gefe don a san wanda ya gyara.